Godiya ga matasan shagon kwamfuta na bakin kasuwarmu

Assalamu alaikum.

Mu malaman makarantun allo da na Islamiyya na wannan yanki na ƙasar Ringim muna miƙa godiyarmu a bainar jama'a ga matasan shagon kwamfutar da ke bakin kasuwarmu, bisa aikin da suka yi wa tsofaffin littattafan ajami na gidajenmu, wato ɗaukar hotunan shafukansu da sa su a manhajar waya.

Hotunan sun ɗauke su bisa ƙa'ida. Kyamara a kafe saman takarda, ba filasha, kaifin hoto 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Babban hoto mai nauyi, nau'in TIFF, an adana shi wuri uku, ƙarami marar nauyi, nau'in JPEG, kuma na waya ne, saboda raunin sabis a ƙauye. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne dabarar da suka yi har yaro yake neman shafin da kansa.

Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke a gafaka. In sun zube, abin da ke mayar da su jere shi ne kalmar da marubuci yake ajiyewa a gindin shafi, wadda da ita shafi na gaba ke farawa. Wannan suka mayar wasa. Waya za ta ba ka falle biyar a hargitse, ka ja da yatsa ka jera. Ka dace, muryar malami ta rera maka baitin. Ka kuskure, kalmar gindin ce kawai za ta yi haske, ba za a faɗa maka amsa ba. Hikimar tana nan, domin da an faɗa, yaro zai dinga dannawa ne ba tare da ya karanta ba.

Sun kuma lura da inda ɗalibai ke tuntuɓe. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, don haka wanda ya saba da bugun Hafsu sai ya karanta ƙaf a matsayin fa. Yanzu da ka taɓa harafi sai takwaransa na boko ya bayyana. Akwai maɓallin da ke nuna fallen da haske a bayansa, ka ga tambarin jinjirin wata uku da ke cikin jikin takardun da ake kawowa daga Italiya a zamanin da. Wurin bincike ma bai damu ba ko ka rubuta k ko ƙ, d ko ɗ, tunda ba kowace waya ke da masu lanƙwasa ba.

Ladabinsu ya ƙara mana natsuwa. Ba su sa wasa a kan shafin Alƙur'ani ba, ba kiɗa, kuma ba fallen da ya hau sai da izinin mai shi. Kundin laƙani da magada suka ce a bari, an bar shi.

Roƙonmu ɗaya, a ƙara girman rubutun boko saboda dattawa masu raunin gani. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam,
Malaman makarantun yankin