Kafin a yi wa babban rumbun ajiya fomatin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin masu kula da sabar (manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan ma'aikata) a jami'o'i, asibitoci da ma'aikatu. Akan zuba kuɗi a jera faifai 12 masu terabait 8 a tsarin RAID 6 (haɗa faifai su zama rumbu ɗaya, ana ware girman faifai biyu don kariya), a samu terabait 80 na aiki, sannan babbar manhajar kwamfutar ta ƙi ɗaukarsu a dunƙule. Galibi faifan lafiyarsu ƙalau, zaɓin da aka yi ranar fomatin ne ya ɗaure su.

Tsohon tsarin raba faifai na MBR ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2. A yi amfani da sabon tsarin raba faifai na GPT, shi ke nan.

Inda aka fi shan wahala shi ne NTFS, tsarin fayil na Windows, wato yadda yake tsara fayiloli a kan faifai. Yana yanka wurin ajiya gungu-gungu, kuma yawan gungun ba ya wuce biliyan 4 da 'yan kai. Idan aka fara da terabait 10, Windows zai zaɓi gungu mai kilobait 4 da kansa, wanda iyakarsa terabait 16. Bayan shekara biyu a ƙaro faifai, a zo faɗaɗawa, sai ya ce gungun sun yi yawa. Ba a sauya girman gungu a kan bayanai. Sai an kwashe komai zuwa wani rumbun, a sake fomatin, a dawo da su. To ina za a samo aron terabait 16? Tun ran gini tun ran zane: a zaɓi kilobait 64, wanda ke kaiwa terabait 256. Ƙananan fayiloli za su ɗan ci wuri, amma a ganinmu asarar ba ta taka kara ta karya ba.

A Linux ma akwai wannan katangar ta terabait 16 a kan tsarin fayil na ext4 da aka yi ba tare da alamar 64bit ba. A duba da umarnin dumpe2fs -h. In babu ita, daga sigar 1.43 ta e2fsprogs (manhajojin kula da ext4) ana iya ƙarawa da umarnin resize2fs -b, bayan an sauke tsarin daga aiki kuma an adana kwafi. Sai dai abin da ke rubuce a takarda daban, wanda kamfani zai tsaya a kai daban. A RHEL 7, wato Linux na kamfanin Red Hat, kamfanin ya tsaya wa ext4 zuwa terabait 50, tsarin fayil na XFS kuwa zuwa 500. Mun fi son XFS, amma a sani ƙara shi ake yi, ba a rage shi, don haka a riƙa ba shi wuri kaɗan-kaɗan ta LVM, manhajar Linux mai rarraba wurin ajiya.

Sai batun wuta, wanda mu nan ba baƙo ba ne. Idan aka ɗauke ta alhali batirin katin RAID ya mutu, abin da katin ya riƙe bai rubuta ba ya tafi, kuma tsarin fayil na iya lalacewa. Gyaran rumbu mai miliyoyin fayiloli yakan ci awoyi masu yawa ofis na zaune, xfs_repair, manhajar gyaran XFS, kuma yana buƙatar RAM mai yawa. A gwada batirin da UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke ta) duk wata uku, kuma in aikin bai tilasta dunƙule ɗaya ba, a raba terabait 80 ɗin gida huɗu.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin kula da sabar, Kano