A ba ƙungiyoyin masana halayyar ɗalibai fili su yi magana

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina kan rahoton da kuka buga game da lafiyar ƙwaƙwalwar yara 'yan makaranta. Kun ji ta bakin likitoci da malamai da iyaye, kun kuma kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa. Sai dai an tsallake waɗanda wannan shi ne aikinsu takanas, wato masana halayyar ɗalibai da ke aiki a cikin makarantu, da ƙungiyoyinsu da ke fafutukar ganin an ɗauke su aiki.

Da yawa ana ɗaukar irin wannan masani tamkar malamin ba da shawara, alhali aikinsu ya sha bamban. A ɗauki yaro ɗan shekara tara da ke cakuɗa harafin b da d, in an ce ya tashi ya yi karatu sai ya fara tsokanar na kusa da shi don a kore shi waje. A aji an riga an laƙaba masa sunan daƙiƙi. Masanin zai zauna a bayan aji ya kalli yaron, ya duba littattafansa, ya tattauna da mahaifiyarsa, ya gwada yadda yake haɗa sauti da harafi, ya kuma sa a duba idonsa da kunnensa. Daga nan ne zai gaya wa malami cewa yaron bai rasa basira ba, larurar karatu ce da ake kira disleksiya, ga kuma yadda za a koyar da shi. Aikin ma ba na jiya ba ne. Tun 1896 Lightner Witmer ya buɗe wurin duba irin waɗannan yara a Jami'ar Pennsylvania, a 1913 kuma hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt wannan aiki.

To, me ya sa nake nanata batun ƙungiya? Saboda masani ɗaya da aka raba wa makarantu huɗu ko biyar ba shi da bakin magana. Idan ya koka, a ce ƙorafi ne na ma'aikaci. Yininsa yana ƙarewa a gwaji da rubuta rahoto, yarinyar da ta daina magana tun rasuwar mahaifinta kuwa tana nan a layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ganina babban abin da ƙungiyar masana halayyar ɗalibai ta Amurka, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta yi shi ne ta fito da lamba: masani ɗaya ga ɗalibai 500. Ta kuma riƙa ƙidaya, tana nuna cewa a ƙasar masani ɗaya yana ɗauke da ɗalibai fiye da 1,000. Wannan lamba ta canza salon magana. Maimakon a ce wa ɗan majalisa "muna da ƙarancin ma'aikata", wanda kowane sashe ke faɗa, sai a ce masa ga ma'auni, ga inda jiharka take, ga giɓin da ya rage. Ƙungiyar tana cikin waɗanda suka daɗe suna matsa lamba kafin majalisar dokokin ƙasar ta ware dala biliyan 1 a 2022 domin horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na makarantu da ɗaukar su aiki.

Akwai wani aikin ƙungiya da ya fi damu na, shi ne tsare yaro daga gwajin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Gwajin basira makami ne mai kaifi. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara nasu a Faransa domin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako, amma daga baya an yi amfani da irinsa an ware yara an rufe musu ƙofa. A 1979 sai da wata kotun tarayya a Kalifoniya ta hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa. Har gobe ana gwada yaro da tambayoyin da aka rubuta da harshen da ba shi yake ji a gida ba, a kuma rubuta sakamakon a fayil ɗin da zai bi shi shekaru. Ƙungiya ce ke da hurumin cewa wane ne ya cancanci yi wa yara gwaji, sai an nemi yardar iyaye, sirrin yaro ba abin hira ba ne a ɗakin malamai, kuma wanda ya saɓa za a hukunta shi.

Ina da kira ga ƙungiyoyin su ma. Wadda aikinta ya tsaya ga taron shekara-shekara da karɓar kuɗin mambobi da zaɓen shugabanni ba ta sauke nauyin da ke kanta ba. Ta ƙirga mambobinta, ta ƙirga ɗalibai, ta buga sakamakon. Ta je wurin iyaye ta yi musu bayani da harshen da suke ji, domin uban da ya san ɗansa yana da hakkin a duba shi ya fi kowace takardar koke tasiri. Ƙananan ƙungiyoyi kuma za su iya cin moriyar ta ƙasa da ƙasa, ISPA, wadda ke haɗa masana daga ƙasashe da dama tun 1982.

Roƙona gare ka, Edita, idan za ku sake waiwayar wannan batu ku gayyaci shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi, ku tambaye su ɗalibai nawa kowane mambansu yake dubawa, da abin da suka kai gaban hukumomin ilimi a kai.

Na gode.

Daga wani mai karanta jaridarku