Wasiƙa daga Malta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Ni ma lafiya lau, sai iskar teku da ta fara kawo sanyi. Aiki muna taɓawa, ginin da muke yi ya kai hawa na huɗu. Ka ce wa Inna ciwon bayan nan ya yi sauƙi, ta daina sa shi a ranta.

Na turo Yuro 250 ta hannun mutumin nan na Kantin Kwari, ranar Litinin ka same shi. In ya canza, ka fara biyan kuɗin makarantar ɗana Abba na zango biyu, ka karɓi rasit. Sai maganin hawan jinin Inna na wata uku. Abin da ya saura a damƙa wa maman Abba hannu da hannu, kada a aiki kowa.

To, ga abin da ya hana ni barci. An ce mini Kawu ya ɗaure Abba a jikin darbejiyar ƙofar gida ya zane shi da wayar wuta a kan Naira 500 da ta ɓace a shago, har yaro ya kwana biyu a rub da ciki. Kada ka tambaye ni wa ya faɗa. An kuma ce daga baya kuɗin ya fito a aljihun wata rigar. Yaya, shekararsa tara fa.

Na san me za ka ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma dorinar Baba ta ci bayanmu ba mu mutu ba, Turai ce ta juya mini kai. Ka dai saurare ni.

Ƙasar nan 'yar mitsitsiya ce, tsibirai ne a tsakiyar teku, duk faɗinsu murabba'in kilomita 316, mutanensu sun ɗara rabin miliyan kaɗan. Kuma ba su yi nisa da mu kamar yadda kake zato ba. Larabawa sun ci ƙasar a shekarar 870, har yau yarensu daga Larabci ya samo asali. Kiristoci ne, amma Ubangiji "Alla" suke ce masa, azuminsu kuma "Randan". Ranar da na fara ji sai da na waiga. Turawan Ingila da suka mulke mu su suka mulke su, sai 1964 suka sami 'yanci, shekara huɗu bayan namu. Akwai wani dattijo mai yaɓen siminti da muke aiki tare. Da ya ga raina a ɓace na ba shi labarin Abba, sai ya ajiye cokalin gininsa ya buɗe mini tafin hannunsa. Ya ce nan rular malaminsu take sauka, in ya kai ƙara gida uwarsa ta ƙara masa da silifa. Sak irin tamu.

A da dokarsu ta bar wa iyaye damar horo, muddin bai wuce kima ba. A 2014 majalisarsu ta gyara ta, ta ce duka kowane iri ne ya wuce kima, a gida ko a makaranta. Suwidin ce ta fara wannan tun 1979, su nan jiya-jiya suka bi sahu. Kuma ba doka ce ta takarda kawai ba. Wani baƙar fata maƙwabcinmu a Hamrun ya tsula wa ɗansa bel, washegari malama ta ga shatar a ƙafar yaron. Ma'aikatan kula da yara suka zo har ɗaki. Ba su ɗauke yaron ba, amma mutumin ya yi watanni yana safa da marwa a ofis, har aikin yini ya riƙa rasawa.

Ba wai na ce komai nasu daidai ne ba. Kwanaki a cikin bas na ga yaro yana daka wa uwarsa tsawa, ita ko ta sunkuya tana lallashi, wallahi hannuna har ƙaiƙayi ya yi. Ba na son Abba ya tashi haka. Amma wayar wuta, Yaya? Ko a addini ai an hana dukan da zai bar rauni.

Na san ba ni da bakin magana. Yana ɗan shekara huɗu na bi hanyar Agadas na bar muku shi, ku kuka ci da shi, ku kuka yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Muryata kawai ya sani. Allah ya saka muku. Amma duk bulon da na ɗora a kafaɗata a nan, don shi nake ɗorawa.

Ka sami Kawu cikin ladabi, kada ka ce daga gare ni ta fito, ka san halinsa. A cire yaron daga shagon nan gaba ɗaya, daga boko ya wuce Islamiyya. In ya yi laifi a hana shi ƙwallo, ko a kira ni in yi masa faɗa da kaina. Kada a sake ɗaure shi. Ka ɗauko mini hoton bayansa ka turo ta WhatsApp, kada Inna ta gani.

Kar ka manta, Litinin, kuɗin makaranta farko, da rasit. Na maman Abba a hannunta. In Kawu ya yi maganar Naira 500 ɗin, ka cire daga ciki ka ba shi.

A gaida Inna da kyau, ta ci gaba da sa ni a addu'a kan maganar takardu. A gaida Auta da mutanen majalisa.

Ƙaninka.