Edita, ba ku kyauta wa Bafilifinen nan mai zana taswira ba

Assalamu alaikum Edita,

Tun daren Lahadi abin nan yake ci na a rai, na ce bari dai in rubuto ko na samu sauƙi. Maganar Bafilifinen nan ce da kuka sako a ƙarshen shiri, mai zagaya tsibiran ƙasarsu yana zana taswira kyauta. Minti nawa kuka ba shi? Ina jin bai kai huɗu ba, kuma a ɗan wannan lokacin ma sai da mai gabatarwa ya kwashe da dariya ya ce wai yawon buɗe ido kawai mutumin yake yi ya fake da taswira, abokin aikinsa kuma ya ƙara gishiri da cewa sai wanda ba shi da abin yi ne zai kama aikin da ba a biya. Haba jama'a! Wallahi raina ya ɓaci har uwargida ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Shin ma kun duba wace irin ƙasa ce Filifin kafin ku buɗe baki? Tsibirai 7,641 gare ta. Shekara da shekaru 7,107 ake koya wa yara a makaranta, sai a 2016 hukumar taswirar ƙasar ta fito ta ce akwai ƙarin sama da 500 da ba a lissafa ba. To in tsibiri sukutum zai iya ɓace wa gwamnati a lissafi ina ga hanyar ƙafa da ke shiga ƙauyen masunta? Ga shi ƙasar kusan guguwa 20 ke ratsa yankinta duk shekara. Ranar 8 ga Nuwamba 2013 mahaukaciyar guguwar Haiyan, wadda su can suke kira Yolanda, ta fara sauka a Guiuan sannan ta turo ruwan teku cikin birnin Tacloban, mutum sama da 6,000 suka rasu. A lokacin 'yan sa-kai sama da dubu daga ƙasashe daban-daban suka duƙufa a kwamfuta suna zana gidaje da tituna a OpenStreetMap, wata taswirar intanet ta kyauta, daga hoton tauraron ɗan'adam, ma'aikatan agaji na Red Cross suka yi aiki da ita. Duk wannan ko kalma ɗaya ba ku faɗa ba, dariya ta cinye lokacin.

Amma shi hoton sama rufin kwano kawai yake nuna maka. Ba zai gaya maka wannan rufin makaranta ce ko ɗakin shan magani ba, ba zai gaya maka sunan garin ba, ba zai ce maka gadar nan babur kaɗai take ɗauka ba. Sai wani ya je da ƙafarsa ya tambaya. Aikin da mutumin nan yake yi ke nan, ya shiga kwale-kwale ya hau bayan babur ya taka inda babur ba ya zuwa, na'urar GPS a jakarsa tana ɗaukar sawunsa, in ya dawo ya zauna ya ɗora a intanet kowa ya ɗauka ba ko sisi.

Ni na san zafin abin don na yi shekaru ina duba tawagogin allurar foliyo a nan gefen Haɗeja. Da can taswirarmu a jikin kwali take, da biro aka zana, da'ira gari ne, layi hanya ce, sauran kuma sai abin da mai unguwa ya ce, in kun kai tsamiyar nan ku yi hagu, in kun ga rijiya kun wuce. Duk gidan da ba ya kan kwalin nan to babu shi a duniya, kuma mu muna komawa da yamma mu cike fom mu ce mun gama kaf, da zuciya ɗaya fa, ba ha'inci muke yi ba. Daga baya aka kawo mana hoton tauraron ɗan'adam an buga a babbar takarda, aka kuma riƙa sa waya mai GPS a akwatin allura don a ga inda tawaga ta taka da inda ta tsallake. Ranar da na fara shimfiɗa takardar a kan benci na ga wasu ɗige-ɗige a bayan fadama, wajen da na rantse ba kowa sai ciyawa da sauro. Muka tafi ni da wani yaro a babur, muka ajiye shi a bakin ruwa muka naɗe wando, akwatin allura a ka. Bukkoki goma sha ɗaya muka tarar, ruga guda, yara suka watse da gudu da suka hango mu. Wata tsohuwa tana dakan gero ta ajiye taɓarya ta ce tunda suka sauka a nan ba wanda ya taɓa zuwa musu da magani. A gindin bukkar ƙarshe akwai wani yaro da bai gudu ba, bai fi shekara biyar ba, yana jan gindi a ƙasa ƙafarsa ta dama ta shanye kamar tsinke. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Kuma takardar nan duk kyanta ba ta da sunan rugar, sai da na zauna a tabarma da Arɗo ya faɗa min na rubuta da hannuna.

Saboda haka da na ji ana yi wa mai irin wannan aiki dariya sai na ji kamar ni ake wa. A watan Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da ƙwayar foliyo ta daji daga Afirka kowa ya yi murna har da ku a wannan tasha, to ku sani da irin tafiyar nan ta ƙafa aka kai wurin. Shi kuma bawan Allahn nan ba alawus ba kuɗin mai, ga haɗarin teku, ni ko ba komai ana ba ni ɗan na abinci. Ita OpenStreetMap ɗin tun 2004 aka fara ta a Ingila kuma kowa yana iya buɗe akawun ya saka unguwarsu, da kun faɗi ko wannan kaɗai da yaranmu da ke ƙona data a TikTok sun ƙaru, don ni da kaina na duba ƙauyen kakannina a waya na ga fili fetal, alhali akwai masallacin Juma'a da firamare da kasuwar da ke ci duk sati. Lokacin ambaliyar 2022 masu kawo agaji sai da suka yi ta kiran waya suna tambayar ta ina ake shiga.

Abin da nake nema ku sake shirin, ku ba shi rabin awa cur, ku nemo wanda ya san aikin taswira ya yi bayani, kuma mai gabatarwa ya janye maganarsa a iska yadda ya faɗe ta a iska. Ba na ce a kore shi ba, ina jin daɗin shirye-shiryensa da dama, amma a wannan ya yi kuskure.

Sannan don Allah layin wayar nan naku na shirin kai-tsaye ku duba shi. Sau tara na kira a daren, sau biyu ya shiga aka bar ni a kan layi ina jin tallan maganin basir har katina ya ƙare, kuma kullum mutum uku zuwa huɗu ɗin nan dai su ne ake ɗagawa su yi ta gaishe-gaishe. Mu na karkara ma muna da abin faɗa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku na kullum,
daga Haɗeja, jihar Jigawa