Wasiƙa Daga Alƙahira Kan Maganar Tafiyar Auta

Alƙahira, Masar.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Inna da sauran mutanen gida baki ɗaya. Yaya sanyi? An ce bana hazo ya sauka sosai a Kano. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma nan lafiya lau, sai godiya.

Dalilin da ya sa na zauna na rubuto maka, ban yi saƙon murya kamar yadda muka saba ba, shi ne maganar Auta. Ya kira ni ya ce tun da ya ga hotunan nan nawa na bakin teku barci ya ƙaurace masa. Wai zai sayar da babur ɗinsa, ya roƙi Inna ta sayar da tumakinta, ya haɗa kuɗin ya ba wani dillali da ya yi masa alkawarin aikin otal a nan Masar. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ina so ka karanta wannan a tsanake, ka karanta wa Inna, sannan ka zaunar da shi.

Ka san aikina tafinta ne tsakanin likitoci da mutanenmu masu zuwa neman magani. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya zo aka yi masa aiki a gwiwa, ni nake kai shi asibiti ina dawo da shi. Da ciwon ya warke, likitan gashin ƙashi ya ba shi shawarar ya riƙa taka ƙafar a cikin ruwa, don ruwa yana ɗauke nauyin jiki daga kan gwiwa. Ɗansa ya kama musu otal a Sharm el-Sheikh, shi da Hajiya, suka ce lallai da ni za a je saboda yare da sayen magani. Kuɗin jirgi da na ɗaki da na abinci duk Alhaji ne ya biya, Allah ya saka masa da alheri. Ko sisina ba ta shiga ba, kuma da kuɗina ne ba zan iya kwana ɗaya a wurin ba.

Garin yana can ƙarshen Sina'i ta kudu, a bakin Bahar Maliya. Daga Alƙahira tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. A mota kuwa wajen kilomita 500 ne, ana bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin mashigin ruwa na Suwez, ga shingayen jami'an tsaro a hanya. Ta tagar jirgi ba abin da kake gani sai jajayen duwatsu da rairayi, ba bishiya ba ciyawa, sai kwatsam ruwa shuɗi shar ya bayyana. A da wurin masunta ne kawai. Isra'ila ta mamaye shi a yaƙin 1967, ya dawo hannun Masar a 1982, daga nan aka shiga gina otal-otal a zamanin Hosni Mubarak. A nan aka yi babban taron duniya kan sauyin yanayi a watan Nuwamba na 2022. An kewaye garin da katanga da waya, ba a shiga sai ta ƙofofin da ake bincike.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, wurin yana da kyau. Da isarmu aka ɗaura wa kowa wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu, ba a cire shi sai ranar tafiya. Shi ne shaidar an biya komai, duk inda ka zauna ka nuna hannu sai a kawo maka abin da kake so. Ɗakina yana da baranda mai kallon teku. Idan na idar da sallar asuba nakan zauna nan in ga rana tana fitowa ta wajen tsibirin Tiran, wanda Masar ta miƙa wa Saudiyya a 2017. Bayansa kaɗan ƙasar Saudiyya ce. Alhaji da aka gaya masa haka sai ya ɗaga hannu ya yi addu'ar Allah ya sake kai shi Makka da ƙafafunsa.

Abinci kuwa a jere yake a manyan tasoshi, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi son ransa, safe da rana da dare: kifi, naman rago, kaza, shinkafa iri-iri, burodi mai zafi, dabino, lemo da kankana. Hajiya dai ba ta daina cigiyar yaji ba. Abin da ya dame ni shi ne yawan wanda ake zubarwa. Mutum zai cika faranti ya ci loma biyu ya tashi, a kwashe a juye a bola. Akwai giya a fili, kuma shigar Turawa a bakin ruwa ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce. Mukan fita da sassafe kafin su cika wurin, Alhaji ya yi tafiyarsa a wurin ninƙaya yana riƙe da kafaɗata, mu koma. Ranar Juma'a muka je Masallacin Sahaba da ke tsohuwar kasuwa, wanda aka buɗe a 2017.

Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarƙashin ruwan. An yi wata doguwar gada ta katako daga gaɓa zuwa inda teku ya yi zurfi, domin an hana taka murjanin da ke bakin gaɓar, an hana taɓa shi balle a ɓalle. Halitta ce mai rai, kuma tana daɗewa kafin ta girma. Muka shiga wani jirgin ruwa mai gilashi a ƙasansa. Ka leƙa sai ka ga murjani ja da rawaya da ruwan hoda, wani ya yi rassa, wani ya yi dunƙule, kifaye suna shiga suna fita ta tsakaninsa. Akwai wani kifi kore da shuɗi mai baki mai ƙarfi, yana gwaguyar dutsen, akwai ƙanana masu ruwan lemo da ke tafiya tuli guda, su juya gaba ɗaya lokaci ɗaya. Alhaji ya yi shiru na wani lokaci, sai na ji yana karanta ayar lu'ulu'u da murjani ta cikin Suratur Rahman, hawaye na zubo masa. Matuƙin ya ce wanda muka gani kaɗan ne a kan na Ras Muhammad, wurin da gwamnati ta keɓe tun 1983 don kare halittun ruwa.

To, wannan shi ne abin da hoto ya nuna wa Auta. Ni kuwa da yake ina jin Larabcinsu, kuma masallacin otal ɗin yana can baya kusa da masaukin ma'aikata, na ga abin da baƙi ba sa gani.

Wanda yake kawo mana shayi ɗan Sa'id ne, wato kudancin Masar, daga wani ƙauye kusa da Suhaj. Yana da digiri. Yana jin Ingilishi da Rashanci da ɗan Italiyanci, don yawancin baƙin daga can suke. Matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye, yana shafe makonni bai gan su ba, in ya sami hutu ya kwana a motar haya kafin ya isa gida. Su da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya, gado kan gado. Tun kafin baƙi su tashi yana tsaye, kuma ba ya zama sai dare ya raba. A watan Maris na 2025 aka mai da mafi ƙarancin albashi a kamfanoni fam 7,000 na kuɗin Masar a wata, kuma tun da aka karya darajar kuɗinsu a Maris na 2024 dala ɗaya ta koma wajen fam 50. Ka yi lissafi da kanka. Kuɗin da Alhaji yake biya na kwana ɗaya ya haura wannan albashin na wata. Abin da yake rufa musu asiri shi ne rabon da suke samu daga kashi 12 cikin ɗari na hidima da ake ɗorawa a kan kuɗin baƙo, da ɗan tukuicin da wani zai miƙa.

Ya ba ni labarin shekarar 2015. A ranar 31 ga Oktoba jirgin saman Rasha ya tashi daga Sharm ya faɗi a Sina'i, mutum 224 suka mutu. Rasha ta hana jiragenta zuwa, Ingila ma haka, kuma na Rasha ba su dawo garin ba sai a 2021. Ya ce otal-otal suka zama kufai, aka sallame su, ya koma ƙauye yana noma a gonar kawunsa. Da abubuwa suka fara daidaita sai ga korona. Wannan ɗan ƙasa ke nan, mai takardu, mai yare uku ban da nasa. Hatta Larabawan Baduwi, 'yan asalin Sina'i, ba kasafai ake ɗaukar su aikin cikin otal ba, yawancinsu sai dai ɗora baƙi a raƙumi da kai su yawon daji.

Na tambaye shi wa aka bari lokacin da aka sallame su. Ya ce masu gyara. Shi ya haɗa ni da wani dattijo mai kula da injinan ruwa, ya zagaya da ni bayan ginin. Yaya, garin nan ba kogi, kuma ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba. Ruwan da ake wanka da shi, da wanda ya cika wuraren ninƙaya, daga teku ake jawo shi. Manyan injina ne suke tura ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wasu dogayen bututu masu matata a ciki, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya, a mai da mai gishirin teku. Ruwan da aka yi amfani da shi a ɗakuna kuma ba a zubarwa, ana tace shi a shayar da ciyawa da furanni da bishiyoyin dabino. Ɗakin injin yana da ƙara da zafi, dattijon yana yawo da ɗan littafi yana duba agogunan awo yana rubutawa. Na tsaya ina tuna yadda muke tsaren 'yan garuwa a bakin layinmu, alhali mu Allah ya ba mu damina da madatsun ruwa irin Tiga da Challawa. Ya ce ko baƙo ɗaya babu, ba a kashe injinan nan gaba ɗaya, don gishiri zai cinye su, ciyawar ta ƙone cikin 'yan kwanaki. Haka na'urorin sanyaya ɗaki da ɗakunan sanyi na ajiye nama da kifi. Shi ya sa mai aikin famfo da mai wuta da mai gyaran firji su ne na ƙarshen sallama.

Ka ga kuwa aikin da Auta yake koya ke nan, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, shi ne yake son ya yar ya taho ɗaukar faranti. Kuma farantin ma ba zai samu ba. Dokar ƙwadago ta nan ta ƙayyade cewa baƙi ba za su wuce kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan kamfani ba, kuma sai da izinin aiki. 'Yan guraben da ake ba baƙi a otal na manyan masu dafa abinci ne da masu koyar da nutso da masu nishaɗantar da Turawa da yarensu. Duk zaman da na yi ban ga ɗan Najeriya ko ɗaya yana aiki a wurin ba. Wanda ya shigo da bizar yawon buɗe ido ko ta magani ba shi da damar aiki, in ta ƙare ya zama mai laifi. A 2023 gwamnati ta ce duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita masa zama. Ga 'yan'uwanmu na Sudan da yaƙi ya koro tun Afrilun 2023, sun cika Alƙahira suna neman kowane irin aiki, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. A unguwarmu ta Hayyul Ashir na san samarin da dillalai suka kawo da irin wannan alkawari. Suna nan suna raɓe a ɗakunan ɗalibai, ba iƙama, ba kuɗin komawa, in sun hango motar 'yan sanda su sauya hanya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba ina hana shi fita ba ne har abada, ni ma ai fitowa na yi. Amma na fito da takardar karatu ta Azhar da iƙama, kuma duk da haka ka san wuyar da na sha kafin in tsaya da ƙafata. Abin da nake so shi ne ya ƙarasa koyon aikinsa a wurin maigidansa, ya samu takardar shaida ta makarantar koyon sana'a, ya yi fasfo ta hanyar da ta dace. In ya ƙware, ko a Kano ba zai rasa aiki ba da zafin da ake yi, in kuma fitar ce, ya fita da kwantiragi a hannu wanda ni zan karanta da idona kafin ya sa hannu. Don Allah kada a taɓa tumakin Inna, kuma ka karɓi takardun babur ɗin ka ajiye a wurinka. In ya riga ya ba dillalin wani abu, ka je da Kawu a karɓo tun da wuri.

Alhaji zai dawo gida ƙarshen wata, gwiwar ta yi kyau, har ya ajiye sanda. Zan ba shi saƙo ya kawo maka: man zafi na Inna, da dabino, da ɗan kuɗin da za a saya wa Auta ma'aunin gas da injin zuƙe iska da ya daɗe yana aro a wurin maigidansa. Ka je da shi ku saya tare, kada ka ba shi kuɗin a hannu. In kun gama magana ka ce ya kira ni bayan isha, zan saurare shi.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da maiɗakinka da yara, da Malam na makarantar allo.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka na Alƙahira