A Riƙa Sanar Da Jama'a Kafin Feshin Jan-baki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan feshin tsuntsun jan-baki, tunda shinkafa ta fara fitar da kai a fadamun Hadeja da Guri da Kirikasamma, kuma ba da jimawa ba manoma za su fara kukan a turo jirgin feshi.

Ni ma manomi ne, kada wani ya zaci tausayin jan-baki nake ji. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin gona tun asuba yana jan igiyar gwangwanaye, 'ya'yansa na wurga majajjawa maimakon zuwa makaranta, ya san irin azabar wannan ɗan tsuntsu. Masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai wajen biliyan ɗaya da rabi, kuma babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Idan suka sauka a kan gero yana madara, kafin ka idar da la'asar sun bar maka zangarniya ba ƙwaya.

Sai dai kuma ina kiwon kanari tun ina yaro, shi ya sa idona ke kan ƙananan tsuntsaye fiye da na maƙwabtana. Maganin da aka saba fesawa sunansa fenthion, wasu na kiransa Queletox, kuma da magariba ake zuba shi a makwancin jan-baki. To, guba ba ta tambayar suna. Marai da tsada da sauran masu kwana a gefen wurin tare ake kwashe su. Shaho da shirwa da mujiya kuwa sai su ci waɗanda suka faɗi, su ma su bi sahu, alhali su ne ke rage mana ɓera a gona. A bakin rafin ƙauyenmu da can kukan kanarin daji ne ke tashinka da safe, yanzu sai ka yi sa'a. Ba feshi kaɗai nake ɗora wa laifi ba. Masu kamu da danƙo da kejin tarko a tsakiyar damina, lokacin da uwa ke kan ƙwai, su ma su ji tsoron Allah.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne washegarin feshi. Na ga yara da buhuna suna tsintar matattun tsuntsaye, a fige, a soya, a kai tasha. Mai saye bai sani ba, yaran ma ba wanda ya gaya musu. Makiyayi kuma ya koro shanunsa su sha ruwa a wurin.

Sannan a duba inda tsuntsun ke samun mafaka. Dattawanmu sun san fadamar nan kafin ciyawar kachala ta cinye ta. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Inda da yake cika ya janye, yanzu yana kwance rani da damina, kachala ta samu gindin zama, jan-baki ya samu ɗakin kwana wanda ƙafar mutum ba ta kaiwa. Kuɗin hayar jirgi na shekara guda, da za a zuba wani kaso a yankan kachala da yashe hanyoyin ruwa, masunta ma za su sa albarka.

A Chadi, wajen Njamena, akwai masu sana'ar kama jan-baki da raga cikin dare, su soya ko su busar su kai kasuwa, nama mai tsabta ba guba. Me zai hana a koya wa matasanmu?

Idan kuma feshin ya zama dole, roƙona ga hukuma kaɗan ne. A yi shela a rediyo da kwana biyu ko uku, a gaya wa masu unguwanni da limamai da ardo-ardo wurin da ranar. Da gari ya waye a turo ma'aikata su tattara matattun su binne a rami mai zurfi kafin yara su iso.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani manomi mai kiwon kanari,
Hadeja, Jihar Jigawa.