Gyaran Tsohuwar Na'urar Wasa Ya Wuce Sauya Abin Da Ya Ƙone

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni makanikin talabijin ne, a Kano na koyi sana'ar zamanin talabijin mai doro, yanzu kuma ina zaune a Chicago ta Amurka. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu gyara.

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kira ni in duba masa akwatin wasan Tempest, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1981. Allon irin wannan na'ura daban yake da talabijin ɗin da muka sani. Talabijin layi-layi take share fuskarta daga sama har ƙasa. Wannan kuwa tsinken hasken ne ke yawo yana zana kowane layi kai tsaye, kamar mai rubutu da alƙalami. Shi ya sa zanen ke fitowa siriri, da haske tar, shi ya sa kuma sashen da ke juya hasken yake shan wahala ba hutu.

Allon ƙirar Wells-Gardner 6100 ne. Da na buɗe bayan akwatin, ƙaurin da na ji ya isa labari. Fanel ɗin, wato farantin da ƙananan kayan wuta ke jere a kansa, ya yi baƙi a ɓangaren da ke daidaita ƙaramar wuta, rizisto biyu sun zama gawayi, dalmar ƙafafun soket duk ta tsattsage don zafi. Daga cikin manyan tiransisto shida da ke ɗaure a jikin ƙarfe, irin 2N3716 da 2N3792, uku sun mutu. Mai akwatin ya ce sau biyu ana sauya masa su.

To a nan maganata take. Wanda ya sauya su bai yi ha'inci ba, amma bai tambayi abin da ke kashe su ba. Ƙirar ce da rauni tun daga masana'anta. In sashen wutar ya lalace, yakan ja na kusa da shi su tafi tare. Kuma fanel na farko-farko ba shi da kariya idan kwamfutar wasan ta rikice ta turo sigina fiye da ƙima. Sai daga baya aka ƙara masa wannan kariyar. Masu sha'awar waɗannan na'urori sun ƙera wani ɗan fanel, LV2000, da ake sa wa a madadin tsohon sashen wutar. Shi na saka, na sake dalmar kowace ƙafa, na shafa wa tiransisto sabon man sanyaya.

Akwai masu cewa hakan ɓata asali ne, a bar kayan tarihi yadda suke. Ina girmama su, amma ban yarda ba. Rizisto ana samu a kasuwa, tulun gilashin allon kuwa an daina yin sa. Duk lalacewar da ta bar haske tsaye wuri guda tana iya ƙona fuskar, tabon kuma ba ya goguwa.

Gargaɗi ga matasa: wutar da ke cikin tulun nan ta haura bolt 19,000, kuma takan saura ko an kashe na'urar. A sauke wutar kafin a kai hannu.

Roƙona, Malam Edita, ka tura wakilinka wurin dattawan makanikan da suka rage a Kano da Kaduna, ya rubuta yadda suke bin sawun matsala da mitar awon wuta. Maigidana da ya koya mini wannan ya rasu, ko shafi ɗaya ba a rubuta daga bakinsa ba.

Naka mai karatu,
Wani makaniki daga Chicago